Mesar da Baba Ya Ajiye a Rumbu

Shekarar da damina ta ƙi mu, aka kuma rufe iyaka, na ɗaure 'yan komatsaina na koma gidan mahaifina da ɗiyata goye a baya. Ba yaji na yi ba, ba kuma sakina aka yi ba. Mijina ya tafi cin rani Kano kamar yadda ya saba, shi da rabin mazan unguwarmu, sai sojojin can suka datse hanya, namu na nan kuwa ba a tambayarsu dalili. Lokacin shuka ya zo, babu shi babu saƙonsa. Inna ta daɗe da rasuwa, Baba shi kaɗai yake zaune a gidansa na bakin gari, nan Matameye. Sai na ga gara mu haɗa tukunya ɗaya da a riƙa hura wuta biyu a kan abin da bai isa mutum ɗaya ba.

A ƙuruciyarsa Baba gardi ne, irin masu bin kasuwanni da macizai a cikin kwando suna wasa da su. Ya bar sana'ar tun ban yi wayo ba, ya kama noma da 'yar garkarsa ta rani a fadamar wajen Dungu. Amma maganin macijin da ya sha a hannun maigidansa bai bar jikinsa ba. Ƙafa ba takalmi yake ratsa ciyawa. In maciji ya shiga ɗakin wani, shi ake aikawa a kira, ya zo ya naɗe shi a hannu kamar igiyar guga, ya kai shi daji ya saki. Maganin yana da sharaɗi guda, kuma na san shi tun ina ƙarama: duk macijin da ya karɓi abinci daga hannunka ya zama amanarka, kai da jininka ba ku kashe shi, ba ku kuma miƙa shi ga mai kashewa. Ranar da aka karya sharaɗin, maganin ya fita. Ban taɓa cewa ƙarya ne ba, ban kuma taɓa zama na auna ko gaskiya ne ba. Tun da ya bar gardanci bai ƙara ciyar da maciji ba, don haka maganar ta zama tsohon labari a gidanmu.

Ban yi sati biyu da komawa ba, ran nan da hantsi ya shigo da kai ba hula, hular tana hannunsa a dunƙule. Masu garka ne suna neman inda za su haƙa sabuwar rijiya, tunda tsofaffin sun ƙafe, suka fasa wani tsohon rami suka tarar da mesa kwance da 'ya'yanta da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba. Kafin Baba ya iso sun kashe uwar, sun bi 'ya'yan da fartanya. Biyu ya tsinta da rai a ƙarƙashin ƙasar da aka zubar.

Ya buɗe hular a gabana. Na yi baya har na tuntsurar da turmi.

"Baba, mene ne wannan kuma?"

"Marayu ne," ya ce.

"Mu ma ai marayun ne. Wa ya ɗauke mu a hula?"

Ni dai na san ina da baki, tun ina yarinya ake faɗa mini, shi kuma Baba maganinsa da bakina shi ne shiru. Amma zan faɗi gaskiya, duk da tsoron da na ji, na kalle su, kuma suna da kyau. Kowacce ba ta wuce kamu ɗaya ba, kaurinta bai fi babban yatsana ba. Jikinsu launin zuma ne mai haske, da zane-zane masu duhu a jere tun daga wuya har wutsiya, kowane zane an kewaye shi da baƙi kamar an zauna an sa musu lalle. A kai akwai wani tabo mai siffar kan mashi. Wannan shi ne ganin ƙurilla na farko da na yi musu, na kuma yi rantsuwa a raina cewa shi ne na ƙarshe.

Gidansu na fari gora ne. Ya huda shi, ya zuba ɗan yashi mai laima, ya toshe baki da tsumma. Kwana uku suka ture tsumman, na tsinci guda a cikin takalmina na roba, unguwa duka ta ji muryata. Sai ya jawo akwatin ƙarfen Inna, wanda aka kawo ta da shi gidan, ya kwashe 'yan tsofaffin zannuwanta ya ba ni, ya bi murfin da ƙusa ya yi masa ƙofofin iska. Wannan ya fi ƙona mini rai a kan na takalmin. A cikin akwatin ne babbar cikinsu ta karɓi ɗan jaririn ɓera daga hannunsa. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji ya yi bismillah a hankali, ya fito yana wanke hannu, fuskarsa wata iri.

"Ta ci," ya ce. "Ki sani."

Na san abin da yake nufi, na ci gaba da tankaɗena.

Ƙaramar ita ba ta taɓa ci ba. Ko me ya miƙa mata sai ta kau da kai. Wata rana ya ajiye akwatin a inuwar katanga ya tafi jana'iza, jana'izar ta ja, inuwa ta gusa, rana ta sami ƙarfe. Ni ina gida, na kuma ga rana a kan akwatin, amma ban kawo komai a raina ba. Da ya dawo ya buɗe, babbar ta cusa kanta ƙarƙashin yashi ta tsira. Ƙaramar ya ɗauko ta ya shimfiɗa a tabarma. Launin nan mai haske ya dushe, ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka, ba ta motsi, kafin azahar ta ƙarasa. Ya haƙa mata rami a bayan ɗaki. Tunda ba ta karɓi abincinsa ba, ba ta shiga amana ba, amma ranar bai ci tuwo ba. Ni kuma abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, in mesa ta yi toka ta daina motsi, to mutuwa ce ta zo.

Daga akwati babbar ta koma wata tsagaggiyar randa, faifai a baki, dutse a kan faifai. A nan ta ci sauran damina, in har za a kira abin da muka gani damina. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Da kaka ta zo, abin da muka kwaso daga gona bai kai a kira jaki ba, a kai muka ɗauko shi. Rumbun ƙasan da ke tsakar gidanmu, wanda ake hawa da tsani a buɗe ta sama, ya zauna wayam. Sai Baba ya kwaɓa laka ya liƙe duk wata tsaga da ke jikinsa, ya zuba yashi a ƙasa, ya kife fasasshiyar tukunya don ta sami wurin ɓuya, ya jingina mata reshen gawo, ya ajiye kaskon ruwa. Ya mayar da ita can. Na ce masa Allah ya sanya alheri, rumbu ya rasa hatsi ya sami 'yar haya. Ya yi murmushi, abin da ya daɗe bai yi ba.

Tun daga nan ban ƙara sa ta a ido ba, don ba abin da zai hau da ni tsanin nan. Labarinta kawai nake sha. In mun zauna cin ɗan abin da ya samu, Baba ba ya maganar ruwan sama, ba ya maganar mijina, sai ita. Ta kai kamu biyu. Ta yi kaurin taɓaryar yara. Launin zumar ya fara duhu, yana komawa ruwan ƙasa, zanen bayanta yana haɗewa da juna. Yadda wasu tsofaffi suke ba da labarin jika, haka yake ba da nata, ga kuwa jikarsa ta gaske zaune a cinyata. Lokaci-lokaci sai ya sauko da saɓarta, doguwa, shara-shara, ya gwada ta a damtsensa, ya naɗe ya sa a aljihu. Saɓa dai na san ta, kowa ya san maciji yana tuɓe riga. Yadda yake zama kafin ya tuɓe ne ban sani ba, Baba kuma bai taɓa faɗa mini ba. Gardi ba ya bayani, haka aka koya musu. Ni ma ban taɓa tambaya ba, don kada ya ɗauka na damu.

Ba mu kuma yin zancenta a waje. Sojoji sun hana farauta da riƙe namun daji, kuma zamani ne da ko yunwa ba a ambata da ƙarfi, sai dai a ce shekara ta yi wuya. Mutum ɗaya ne ya sani, maƙwabcinmu baduku, wanda katangarmu ɗaya da shi. Na taso ina ce masa Kawu. Ya taɓa ce wa Baba cikin wasa, ranar da ka gaji da ita ina son fatar. Baba ya yi mako guda bai amsa gaisuwarsa ba.

Da rani ya nutsa, ɓerayen da suka addabe mu shekara da shekaru suka bar gidan, don su ma sun ga babu. Sai Baba ya koma zuwa tasha, inda ake sauke buhuna, yana kafa musu tarko da kasko da ɗan tsinke don ya kama su da rai. Mutane suka ɗauka ci yake yi, ya bar su a haka. Wannan bai dame ni ba, ƙafarsa ce. Ruwa ne ya haɗa mu. Rijiyar unguwa ta yi ƙasa, tun da sassafe nake bin layi, sai rana ta take nake samun tulu biyu, rabinsa laka. A cikin wannan yake ɗiban na kaskonta, wani lokaci har ya jiƙa buhu ya shimfiɗa mata.

"Baba, wuyana ne fa ya ɗauko ruwan nan."

"Na sani."

"Ɗiyata kwana huɗu ban yi mata wanka ba, maciji yana kwana a jiƙaƙƙen buhu."

"Daga nawa na sha nake ɗiba," ya ce. Gaskiya ne kuma, wannan ne ma ya ƙara tunzura ni. Dattijo yana wuni da busasshen leɓe saboda abin da ko sannu ba zai ce masa ba. Na tsani mesar nan, tsana ta gaske, irin wadda ake kwana da ita a tashi da ita.

Bazara ta same mu muna cin anza, 'ya'yan wani itacen daji masu ɗaci. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita, ga ruwan ma babu. Muka ci dusa, muka sussuke ƙarangiya muka ci ƙwayarta. Nonona ya ɗauke. Ɗiyata, wadda ta fara tafiya kafin kaka, ta koma zama. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta suka kumbura. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ta daina kuka, sai dai ta bi ni da ido.

Sai aka yi shela cewa za a raba tsabar taimako, kowa a inda sunansa yake a takardar lanho, wato haraji. Sunan Baba yana Kance, can aka haife shi, bai taɓa sauya takardar ba. Ya ce zai tafi a ƙafa, kwana biyu ya dawo. Da zai fita ya hau tsani ya daɗe yana kallon cikin rumbu, sannan ya sauko ya tsaya a gabana.

"Kullum ki cika mata kasko. Ki jiƙa buhun nan ki jefa mata. Kada ki ba ta komai, kada ki taɓa ta."

"To," na ce.

"Kullum fa."

"Na ji, Baba. Ai ba kurma ba ce ni."

Ranar farko na hau, na kau da kai, na tsiyaya ruwa ta inda nake zaton kaskon yake, na jefa buhun na sauko. Rana ta biyu tulu ɗaya na samu a rijiya, na ce ta yi haƙuri. Baba bai dawo ba. Wani da ya fito daga Kance ya ce kamiyon tsaba, babbar motar da za ta kawo ta, bai iso ba, mutane suna nan zube a gindin itatuwa suna jira. Rana ta uku ma ban ba ta ruwa ba. A ranar anzar da na jiƙa ta ƙare, dusa ta ƙare, na dafa wa ɗiyata ruwa da ɗan gishiri da ganyen da ban ma san sunansa ba, ta ƙi haɗiyewa.

Da safen rana ta huɗu zuciyata ta ɗan dame ni. Na ɗebi ruwa a moɗa na hau tsani, wannan karon na duba. Kaskon a bushe yake ƙayau, ashe ruwan ranar farko ma a gefe na zuba shi. Tana kwance a jikin tukunyar, ta yi girman da ban zata ba, ta fi kamu uku, kaurinta ya kai damtsena. Amma babu launin zuma, babu ruwan ƙasa, babu zane. Gaba ɗayanta ta yi toka. Idanunta sun yi fari-fari da shuɗi-shuɗi kamar na tsohon da yanar ido ta rufe wa gani. Na jefa mata ɗan tsakuwa, ko gezau.

Na ce na kashe ta da ƙishirwa. Na sauko na zauna a gindin rumbu ina tunanin fuskar Baba. Ina nan zaune sai wani tunani ya biyo bayan na farkon, kuma ba zan ce Shaiɗan ne ya kawo shi ba, nawa ne. Na ce tunda mutuwa za ta yi ko yau ko gobe, in ta mutu da kanta a wannan zafi fatar ruɓewa za ta yi, a yi biyu babu. Amanar kuwa, in ma akwai ta, ai na riga na karya. Na kalli ɗiyata kwance a tabarma, ƙuda na bin bakinta ba ta kora. Na tashi na leƙa ta katanga.

"Kawu, kana da tsaba?"

"Wa yake da tsaba yau, ɗiyata?"

"Abin nan da ka ce kana so. Tana mutuwa. In kana so ka zo yanzu."

Ya ce, "Mahaifinki ya sani?"

"Shi ya bar ni a kan gidan."

Ba ƙarya na yi ba, ba kuma gaskiya na faɗa ba, shi ma ya san haka. Amma yana da ɗan abin da wani ya ba shi a bakin ɗinkin sirdi, ya ce zai ba ni tiya guda ta jar dawa. Ya zo da gwafa da buhu, ya hau ya leƙa, ya ce lallai wannan ta gama. Ya zura gwafar ya danne wuyanta. Nan take ta zabura ta naɗe sandar, ta kai sara a makance, ta ja har Kawu ya kusa kifawa cikin rumbu. Da ƙyar ya tura ta a buhu, gumi na zubo masa. Abin da yake bakin mutuwa ba ya irin wannan ƙarfi. Na ga haka da idona, na kuma kau da kai, don na riga na ji ƙamshin kunu a hancina.

Na bi shi gidansa karɓar dawata. Kafin matarsa ta auno, ya riga ya gama da ita a bayan rumfarsa. Ba na son tuna yadda jikin ya daɗe yana murɗawa. Ya feɗe ta, ya shimfiɗa fatar a kan allo, ya ɗebo gishiri da toka zai shafa. Da ya goga tafin hannunsa a bayan fatar sai na ga ya tsaya.

"Ɗiyata, zo ki gani."

Tokar nan ta saman ta tashi a hannunsa kamar ɓawon albasa. A ƙarƙashinta ga wata fata sabuwa dal, ruwan ƙasa mai duhu da ratsin zuma, zanen ya fito raɗau, baƙin da ya kewaye shi yana sheƙi. Ya ƙara gogawa, wani wurin ya ƙara buɗewa. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a shekarar nan ba, kuma a kan allon baduku na gan shi.

"Af," in ji Kawu. "Ai wannan ba ciwo ba ne. Saɓa za ta yi."

Shi ma bai sani ba. Shekara talatin yana ɗinka fatar mesa, amma busasshiya maharba suke kawo masa, bai taɓa zama da mai rai ba. Muka tsaya muna kallon juna. Matarsa ta fito da tiyar dawa a ƙwarya, na miƙa hannu biyu na karɓa.

Na surfa, na daka, na dama kunu mai ruwa-ruwa. Na ɗora ɗiyata a cinya ina ba ta da ludayi kaɗan-kaɗan. Ta haɗiye na farko, ta haɗiye na biyu, a na biyar ta kama hannuna da nata ta jawo ludayin. Da na janye don ya huce sai ta fashe da kuka, kukan da na yi kwanaki ina roƙon Allah in ji. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Ina kuka ina murna, ina kuma sauraron ƙofa.

Baba ya iso washegari da la'asar. Ya rame a kwana biyar ɗin nan kamar ya yi jinya. Ɗan ƙullin tsaba a kansa, wanda bai fi na kwana shida ba, a hannunsa kuma wani tsohon gwangwani mai murfi da aka huda, wani abu yana ƙwaƙular cikinsa. Ya sauke ƙullin, ya dafa kan jikarsa, ko ruwan da na miƙa masa bai karɓa ba ya nufi tsani. Na bar shi ya hau. Dattijo da ya kwana huɗu a gindin itace ya kuma tako daga Kance, na tsaya ina kallonsa yana hawa taki ɗaya-ɗaya, bakina da ba ya mutuwa ya mutu. Ya buɗe rumbun ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo daga can sama.

"Ina take?"

"Ta mutu, Baba."

"Idonta ya yi fari?"

"Ya yi."

"Jikinta ya yi toka?"

"Ya yi."

"To ba ta mutu ba. Ina take?"

Sai na faɗa masa duka, tun daga ruwan da ban ba ta ba har allon Kawu. Da na ga bai ce komai ba sai tsoro ya juye mini faɗa, kamar yadda ya saba. Na ce me ya hana shi faɗa mini abin da zan gani, baki gare shi. Na ce ya zaɓa, jikarsa ko maciji. Na ce da shi ne a gidan da yanzu muna haƙa wa yarinyar nan rami. Ina faɗa ina jiran ya daka mini tsawa, ko ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi ba, don in sami inda zan jingina. Ya sauko a hankali, ya zauna a kan turmi, ya dubi yarinyar.

"Ta ci?"

"Ta ci."

"To."

Ya jawo gwangwanin ya buɗe. Gafiya ce babba, mai rai, ya kamo ta a bayan ɗakin ajiyar tsaba a Kance, ya riƙo ta duk tsawon hanyar nan, don ya san in mesa ta gama saɓa da yunwa take fitowa. Ya zaro 'yar wuƙarsa, ya fuskanci gabas, ya yanka ta, ya miƙo mini ta wutsiya.

"Gasa wa yarinyar."

Na gasa. Ta ci, na ci, shi ma na sa masa a gaba ya ci kaɗan.

Bai ƙara tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Ya ci gaba da gaisawa da Kawu. Ya ci gaba da amsa mini in na yi magana, har wani lokaci in ce a raina ko abin ya wuce. Ranar da aka yi ruwan farko, wata mata daga ƙasan unguwa ta aiko cewa maciji ya shiga bayan randarta, a taimaka a kira Baba. Yana zaune a zaure lafiyarsa ƙalau, ya ce a ce mata ba ya jin daɗin jikinsa. Na ji, na ce gajiya ce. Bayan kwana biyu na ga ya sayo takalmin taya, na ce ƙafa ce ta tsufa.

Damina ta zauna a wannan karon. Muka sami ɗan iri muka shuka, mijina bai riga ya dawo ba, don haka ni da Baba muka yi noman fari, ɗiyata tana zaune a inuwar gawo tana wasa da ƙasa. Muna cikin kunya ɗaya, shi a gaba ni a baya, sai wani ɗan siririn maciji ya fito daga gindin gero, kore-kore, irin wanda ba ya komai, wanda mata ke kora da tsintsiya. Baba ya saki hauya. Ya ja baya taki uku da sauri har yana tuntuɓe da kunya, ya zagayo ya tsaya a bayana. Na ji hannunsa ya kama gefen zanena.

"Ke," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "kore shi."

Na tsinci kara na kore shi. Baba bai saki zanena ba sai da ciyawar ta daina motsi.